Wata 14 Da Faɗuwa, Ƙashin Kafaɗata Ya Ƙi Kwanciya: In Yarda A Yi Mini Aiki?

Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne, shekarata 36, da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, sana'ata filasta. Wata 14 ke nan da na faɗi a kan babur, na sauka a kan tsinin kafaɗar dama. Da na tashi sai na ga wani ƙashi ya taso a saman kafaɗar kamar an cusa dutse a ƙarƙashin fata. Mahaifina ya kai ni wurin mai ɗori, amininsa ne tun suna samari. Ya ja, ya danna, ya ɗaure, na yi kwana 40 a ɗaure. Zafi ya ragu, amma ƙashin yana nan a tashe. Na koma aiki. Bango ina yi da dauriya, amma in aka ce filastar sama ce, kafin azahar hannun ya mutu, har cokalin filasta ya taɓa suɓuce mini a gaban yaran aikina. Kwanon sarki ba na iya ɗaga shi, kwanciya ta dama kuwa na manta rabona da ita. Kullum sai na sha haɗin kemis kafin in fita. Na ga likita biyu. Na farko ya ce in bar shi haka, mutane da yawa suna rayuwa da shi. Na biyu ya ce ciwon ya tsufa, sai an yi aiki, a ciro jijiya daga ƙafata a ɗaure ƙashin da ita. Da Baba ya ji haka ya ce atafau ba za a tsaga ɗansa ba, a taɓa hannu kuma a taɓa ƙafa. Maiɗakina kuma ta ce za ta sayar da keken ɗinkinta da 'yan kunnenta na gwal a yi aikin. Ba na son saɓa wa mahaifina, ba na son cin dukiyar matata a banza, kuma ina tsoron ranar da hannun zai ƙi aiki gaba ɗaya. Me zan yi?

Wani mai filasta

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu ɗan'uwana, sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne. Sau biyu na karanta wasiƙarka, kuma inda ya tsaya mini a rai shi ne cokalin nan da ya suɓuce a gaban yaranka. Wanda hannunsa ne gonarsa ya san ba zafin ciwon ne ke hana barci ba, tunanin gobe ne. Na ga kuma duk da halin da kake ciki, damuwarka ta farko kada ka saɓa wa Baba, ta biyu kada ka cuci iyalinka. Allah ya yi maka albarka.

Ka kwantar da hankalinka a kan abu guda tukuna: babu gaggawa. Irin wannan rauni yana da lokacin da ake rige-rige da shi, wato makonni uku na farko, kuma wannan lokacin ya wuce tuntuni. Aikin da za a yi maka yau shi ne dai wanda za a yi maka nan da wata uku ko huɗu, ba abin da zai ragu. Saboda haka kana da sararin yin bincike, da shirya gida, da lallashin Baba. Kada wani ya tura ka ɗakin tiyata da tsoro, kada kuma tsoro ya hana ka shiga in ta tabbata nan ne mafita.

Sa yatsanka a gindin wuya ta gaba, ka bi ƙashin nan da ya miƙe zuwa kafaɗa, shi zan riƙa kira ƙashin wuya. Inda ya ƙare, nan ya haɗu da wani reshe na allon kafaɗa wanda ya yi wa gaɓar rufi. Mahaɗar 'yar ƙarama ce, ba ta fi kan babban yatsa ba, amma nauyin hannu duk ta nan yake bi. Jijiyoyi iri biyu ke riƙe da ita, kuma ba jijiyoyin jini nake nufi ba, masu ɗaure ƙashi da ƙashi nake nufi. Akwai waɗanda suka kewaye mahaɗar kanta, su ke hana ƙashin zamewa gaba da baya. Akwai kuma wasu biyu masu kauri da suka sauko daga ƙasan ƙashin wuya suka kama wani ɗan ƙashi mai lanƙwasa a gaban allon kafaɗa, wanda likitocin da suka raɗa masa suna suka kamanta shi da bakin hankaka. Ka tuna ragayar da iyayenmu mata ke ratayewa a jikin azara su ɗora ƙwaryar nono. Ƙashin wuya shi ne azara, jijiyoyin nan biyu su ne igiyar ragaya, allon kafaɗa da hannu su ne ƙwarya. In igiya ta tsinke, azara tana nan inda take, ƙwarya ce ke yin ƙasa. Tudun da kake gani, galibinsa ba ƙashin ne ya hau ba, kafaɗar ce ta sauka ta bar shi a tsaye.

Wannan ya bambanta da gocewar kafaɗa da aka fi sani, inda kan ƙashin dantse ke fita daga gurbinsa a mayar da shi ya zauna. Nan babu gurbin da za a mayar da wani abu, kuma babu karayar da za ta haɗe. Mai ɗori zai iya danna ƙashin ya kwanta, amma da zarar an kwance ɗauri nauyin hannu zai sake janye kafaɗar ƙasa, domin igiyar da za ta riƙe ba ta nan. Na faɗi wannan ne don kada ka riƙe kowa a zuciya. Ko asibiti aka kai ka ran nan, akwai yiwuwar rataye hannun kawai za a yi na 'yan makonni a bi da motsa jiki. A 2015 ƙungiyar likitocin karaya ta Kanada ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi a kan mutum 83 waɗanda jijiyoyin nan suka tsinke musu gaba ɗaya, raunin yana sabo. Wasu aka yi musu aiki aka sa ƙarfe, wasu aka bar su da ratayen hannu. Bayan shekara biyu amfanin hannun bai bambanta ba, waɗanda ba a tsaga ba ma sun riga komawa bakin aiki, sai dai a hoto ƙashin waɗanda aka yi wa aiki ya fi zama daidai. Abin da ka rasa na gaske a wancan lokacin shi ne hoto tun farko don a san girman ɓarnar, sai kuma motsa jiki bayan kwance ɗauri. Kwana 40 a ɗaure ba tare da motsi ba yana raunana tsokar da kake bukata.

To me ya sa likitoci biyu suka saɓa? Ba don ɗaya bai san aikinsa ba ne. Wani likitan ƙashi ɗan Amurka, Charles Rockwood, ya kasa wannan rauni mataki shida a 1984, kuma har yau da shi ake aiki. Mataki na 1 da na 2 targaɗe ne ko tsinkewar jijiyoyin da suka kewaye mahaɗar kaɗai, ba a yi musu aiki tun farko. Na 4 shi ne ƙashin ya soke baya cikin tsoka, na 5 shi ne tazarar da ke tsakanin ƙashin wuya da ɗan ƙashin nan mai kama da bakin hankaka ta wuce ninkin ta lafiyayyar kafaɗa har tsoka ta saɓule daga jikin ƙashin, na 6 kuwa ƙashin ne ke shigewa ƙasa, kuma da wuya a gan shi. Waɗannan ukun galibi aiki ake ba da shawara. Rigimar duk a mataki na 3 take, inda igiyoyin sun tsinke amma tazarar ba ta kai ninki ba. A nan likitocin duniya ma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Mafi yawa suna cewa a fara da motsa jiki, in bayan wata uku zuwa shida mutum yana nan da ciwo da kasala, sannan a yi maganar wuƙa. Likitanka na farko ya yi maganar yawancin mutane, kuma gaskiya ya faɗa: malamin makaranta ko mai kanti zai iya ƙare rayuwarsa da tudun nan ba abin da ya dame shi. Na biyu ina zaton sana'arka ya duba, mutumin da ke wuni hannunsa na dama a sama da kansa yana watsa siminti.

Saboda haka tambayarka ta farko in ka koma asibiti ita ce: “Likita, nawa mataki na nawa ne?” A ɗauki hoton kafaɗu biyun kana tsaye don a gwada tazarar, a kuma ɗauki wanda ake ɗauka ta hammata, shi ke nuna ko ƙashin ya zame baya. Kafin nan ma akwai abin da za ka duba a gida. Cire riga ka tsaya gaban madubi, ka ɗora tafin hannun dama a kan kafaɗar hagu. Lura ko kafaɗar tana shigewa ƙarƙashin ƙashin, ko ƙashin yana turo fata ta baya, da kuma daidai inda zafin yake. Sannan maiɗakinka ta tsaya a bayanka, ka ɗaga hannu biyu a hankali ka sauke, sau biyar ko goma. Ta kalli allunan kafaɗarka. In na dama yana ɓullowa kamar fiffike, ko yana sauka da fizga ba kamar ɗan'uwansa ba, ku faɗa wa likita. Irin waɗannan alamu, wato ƙashi mai yawo gaba da baya da allo mai rawa, sun fi tsayin tudun nuna wanda zai amfana da aiki.

Maganar cokali kuwa ina so ka kai ta gaban likita yadda take. Shin kafaɗar ce ta gaji hannun ya sauka, ko yatsun ne suka saki? Kana jin mutuwar jiki ko tsikara kamar tafiyar kiyashi a yatsu? In haka ne, sai an duba wuyanka da jijiyoyin laka, domin gyaran mahaɗar kafaɗa ba ya maganin wannan. Faɗuwar da ta tsinka igiyoyin nan tana kuma iya yaga wani abu a cikin gaɓar kanta, shi ya sa wani likitan zai nemi hoton MRI, wato hoton da ke nuna tsoka da jijiya, ba ƙashi kaɗai ba. Akwai kuma gwaji mai sauƙi: a yi allurar kashe zafi daidai cikin mahaɗar. In zafin ya ɗauke na 'yan sa'o'i, an gane daga nan yake fitowa. In bai ɗauke ba, a nemi tushensa a wani wuri kafin a tsaga.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. A cikin wasiƙarka ban ga inda ka ce an taɓa sa ka motsa jiki a hannun ƙwararre ba. Ɗori ka yi, sai magani, sai komawa bakin sana'a. Ke nan akwai babbar ƙofa da ba ka taɓa ƙwanƙwasawa ba. Je sashen gashin ƙashi na asibiti ka ba shi wata uku cur. Sunan ne ke ruɗin mutane, su ɗauka fitila mai zafi ce da tausa. Ainihin maganin shi ne ƙarfafa tsokar da ke kewaye da allon kafaɗa, ta baya da ta gefen haƙarƙari, har ta karɓi wani kaso na aikin igiyar da ta tsinke. Za a koya maka matse allunan biyu baya da ƙasa, da jan roba zuwa ƙugu, da tura bango. In an nuna maka sau biyu ko uku, saura a gida ne, da robar cikin tayar keke a ɗaure a ƙyauren ɗaki, minti 20 da safe, minti 20 da yamma. A cikin watannin nan ka bar wa yaranka filastar sama da ɗaukar kwanon sarki, kai ka tsaya a bango daidai ƙirji. Ko da a ƙarshe aikin za a yi, wannan wahala ba ta faɗi ƙasa banza ba, domin kafaɗar da ta shiga tiyata da ƙarfinta ta fi saurin farfaɗowa.

Haɗin kemis ɗin nan kuwa ya fi tudun kafaɗarka tayar mini da hankali. Ba ka san abin da ke cikinsa ba. Sau da yawa akwai irin su diklofenak, wanda shansa kullum na kawo gyambon ciki ya kuma taɓa ƙoda, musamman ga mai wuni a rana yana zufa. Wani haɗin akwai tiramol, mai kama mutum ba ya saki, wani kuma akwai ƙwayoyin da ke hana rauni warkewa su ɗaga sukari. Kwashi ƙwayoyin a leda ka kai wa likita ya gani da idonsa, shi zai faɗa maka wanda za ka daina nan take da wanda sai a hankali ake janye shi.

In wata uku sun cika, ka yi motsa jikin bil haƙƙi, amma har yanzu hannun na mutuwa kafin azahar, to ni a ganina kana cikin mutanen da aikin nan yake yi wa rana: hannun dama, sana'ar sama da kai, shekaru na ƙuruciya, ciwo fiye da shekara. A nan ya kamata ka san me za a yi maka, don ka iya tambaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da raunin yana sabo, in aka kwantar da ƙashin aka riƙe shi da ƙarfe ko zare mai ƙarfi, bakin jijiyoyin biyu na iya haɗuwa su warke da kansu. Bayan makonni sai su motse su bushe kamar tsohuwar igiyar fata, ko an kusanto da su ba za su kama ba. Shi ya sa a tsohon rauni dole a kawo sabuwar igiya mai rai, wadda jiki zai karɓa ta zama tasa. Ƙarfe ko zare kaɗai, duk ƙarfinsa, ranar gajiyarsa na zuwa.

Tsohuwar hanya ita ce wadda likitoci biyu, Weaver da Dunn, suka bayyana a 1972. Ana yanke ɗan bakin ƙashin wuya, a ɗauko wata jijiya da ke nan kusa a kafaɗar a juyo da ita a dasa a bakin ƙashin. Ba ta bukatar taɓa ƙafa, kuma har yanzu ana yin ta da 'yan gyare-gyare, sai dai jijiyar da ake arowa ba ta kai ta asali ƙarfi ba, saboda haka mai aikin ƙarfi ya fi fuskantar sakewarta. Hanyar da likitanka na biyu ya ambata ita ce ta baya-bayan nan: a ciro siririyar jijiya daga cikin cinya ta wajen gwiwa, a zagaya da ita ƙarƙashin ƙashin nan mai kama da bakin hankaka, a ɗaure ta a ƙashin wuya daidai inda igiyoyin asali suke, a ƙara da zare mai ƙarfi ko 'yan maɓallan ƙarfe su tallafa kafin ta kama. Likitoci da yawa suna kuma gyara jijiyoyin saman mahaɗar don hana zamewa gaba da baya. Wasu suna yi da tsaga, wasu da taimakon kyamara ta ƙananan huji. Akwai kuma ƙarfe mai ƙugiya da ake saƙalawa a ƙarƙashin rufin kafaɗa. In shi za a sa maka, ka tambayi wace jijiya za a haɗa da shi, ka kuma sani sai an sake wani aikin bayan 'yan watanni an cire shi, kuɗi biyu ke nan. In wani ya ce siririyar waya zai soka ta riƙe mahaɗar, nemi ra'ayin wani likitan, domin an sha samun wayar ta karye ko ta yi tafiya cikin jiki. In kuwa bincike ya nuna naka ƙaramin mataki ne, igiyoyin ƙasa suna nan, gogayyar bakin ƙashi ce ke sa zafi, to ɗan aske bakin ƙashin da bai kai santimita ɗaya ba ya wadatar, kuma jinyarsa ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Tsoron Baba game da ƙafa abin fahimta ne, amma ga gaskiyar lamarin. Wannan jijiyar ita ce dai ake cirowa a gyara wa 'yan ƙwallo gwiwa, su koma fili su yi gudu. Sauran tsokar cinya na ɗaukar aikinta. Za ka yi ɗingishi na 'yan kwanaki, wani yakan ji ɗan rauni wajen lanƙwasa gwiwa sosai, wani fatar ƙwabri ta ɗan mutu a wuri guda. Tunda kai mai hawa tsani ne da yawan tsuguno, faɗa wa likita. Wani lokaci ana iya ɗaukowa daga gaban hannu maimakon ƙafa.

Ba zan ɓoye maka ɗacin ba. Wannan aiki ba irin wanda ake cewa an yi an gama ba ne. In aka tattara rahotannin likitoci, kusan mutum ɗaya cikin biyar ƙashin kan sake tasowa, kaɗan ko da yawa, duk da cewa da yawansu zafin ya ragu kuma hannun na aiki. Hujin da ake yi a ƙashi na iya zama sanadin karaya. Rauni na iya ruɓewa, kafaɗa na iya sanƙarewa, kuma tabo zai zauna inda tudun yake. Wanda ya shiga don tudu ya ɓace zai iya fitowa da ɓacin rai. Wanda ya shiga don ya iya wuni da cokali a sama ba tare da ƙwaya ba, shi ne ya fi dacewa da samun biyan bukata. In kana shan sigari ka ajiye ta tun makonni kafin aikin, domin tana hana sabuwar jijiyar kamawa, a kuma auna sukarinka.

Tsadar gaske ba a takardar asibiti take ba, a watannin bayan aiki take. Kusan mako shida hannun dama zai yi a rataye. Ba tuƙa babur, ba ɗaukar buta cike da ruwa, cin abinci da sa riga da alwala duk sai da dabara ko taimako, barci ma a jingine ya fi daɗi. Sujada ba za ka dogara a kan hannun ba, sai ka tambayi malaminka sauƙin da addini ya yi wa mara lafiya. Bayan nan a fara motsi a hankali, ƙarfafa tsoka sai wajen wata na uku, filastar sama da ɗaukar nauyi kuwa sai kusan wata shida. Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne wata na biyu. Zafi ya tafi, tukunya ta yi sanyi a gida, ga wani ya kira da aiki, sai mutum ya ce bari in ɗan taɓa. A daidai lokacin sabuwar jijiyar ba ta gama kama ƙashi ba, buhun siminti ɗaya ya isa ya mayar da kai gidan jiya, kuɗi sun tafi, jijiyar ƙafa ta tafi. In ba ka da abin da gida zai ci na wata shida, jinkirta aikin har ka samu ya fi alheri.

Wannan ne ya kawo ni kan maiɗakinka. Mace ce ta gari, ka gode mata da bakinka, ba a zuci kawai ba. Amma keken nan kada a sayar. Shi ne zai riƙe cefane a watannin da hannunka ke rataye, sayar da shi kamar a yanka saniyar tatsa ne ana shirin shiga rani. 'Yan kunnen kuwa dukiyarta ce, ita ke da iko da ita. In ta kai ga sai an taɓa su, ka karɓa a matsayin rance, a gaban wani nata da wani naka, a rubuta nauyin gwal ɗin, ba kuɗinsa na ranar ba. Wannan zai kare ta, ya kuma sauke maka nauyin da kake ji. Kafin a kai nan, nemi cikakken lissafi a rubuce: kuɗin aiki, kayan da za a sa, gado, magani, hotuna, da zuwa gashin ƙashi na watanni. Tambayi sashen walwalar marasa lafiya na asibitin ko akwai rangwame, ka duba ko kana iya shiga tsarin inshorar lafiya na jiharku da abin da yake ɗauka. Shiga adashi tun yanzu ka nemi kwasarka ta faɗo daidai lokacin. Kai ka fi ni sanin watannin da aikin gini ke ja baya, a nan za ka sa ranar. Kuma tun da kana da yara a ƙarƙashinka, fara koya wa babbansu filastar sama tun yau, kai ka riƙa karɓo aiki, kana awo, kana duba layi, kana sallamar leburori. Shekarun da ka yi a sana'ar nan ba a dantse kaɗai suke ba, suna ido da baki.

Wurin da za a yi aikin ma abin dubawa ne, domin ba kowane likitan ƙashi ne ke yawan yin sa ba. Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala a Kano, da asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato da Maiduguri, nan ne za ka fara neman wanda ya saba da kafaɗa. Ba rashin kunya ba ne ka tambaye shi cikin ladabi sau nawa ya yi irin wannan, wace hanya zai bi kuma don me, da abin da za a yi in ƙashin ya sake tasowa. Likitan kirki ba ya jin haushin irin wannan tambaya.

Saura Baba. Ina ganin abu biyu ne a ransa. Na farko tsoro ne tsantsa, kuma a shekarunsa ya ga waɗanda suka shiga asibiti da ƙafarsu aka fito da su a kwance. Na biyu ba zai furta ba: shi ya kai ka wurin amininsa, in ya yarda a yi aiki kamar ya yarda ne shi ya jawo maka, ya kuma kunyata abokinsa. Kada ka je masa da hujjojin likita kana neman kayar da shi. Same shi bayan isha, ku biyu, ka ce: “Baba, ɗorin nan ya yi nasa, da ba a yi ba da ban koma aiki ba. Abin da ya rage an ce jijiya ce ta tsinke, ba ƙashi ba. Ba zan yi komai ba sai da albarkarka. Zan fara da motsa jiki wata uku ba tare da wuƙa ba, ina roƙon ka raka ni ka ji da kunnenka.” Wata ukun nan za su yi maka aiki biyu, domin Baba zai ga ba gaggawa ka yi ba. Ranar komawa asibiti ka tafi da shi, a ɗora hoton kafaɗu biyun a gabansa ya ga tazarar, ya yi wa likita tambayoyinsa da kansa, a ba shi girmansa. In akwai kawu ko limamin da yake jin maganarsa, sa shi a ciki tun da wuri, ya tuna masa hadisin da ya ce bayin Allah su nemi magani, domin Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Ku yi istihara tare. Na sha ganin dattijon da ya ce atafau, da aka zaunar da shi aka yi masa bayani shi ya fara tambayar ranar da za a kwanta. Abu ɗaya ne ba zan so ka yi don faranta masa ba: komawa a sake ja da dannawa. Tsohon rauni irin wannan ba ya jin ɗauri, kuma jan ƙarfi na iya ƙara ɓarna.

Gobe in Allah ya kai mu, ɗauki ledar ƙwayoyin nan da tsofaffin hotunanka ka nufi asibiti, ka nemi a faɗa maka matakin rauninka, a rubuta maka takardar zuwa gashin ƙashi. Sami ɗan littafi ka riƙa rubutawa duk Juma'a: awa nawa ka yi aiki kafin hannun ya gaji, ƙwaya nawa ka sha, dare nawa zafi ya tashe ka. Bayan wata uku ka kai wa likita littafin, ka kuma sake rubuto mini in ji yadda kuka ƙare da Baba. Allah ya ba ka lafiya, ka gaishe mini da shi da maiɗakinka.